Wakilaina sun koyi sauya suna, tsarin ya ruguje. Ina mafita?

Rukayya S.
Assalamu alaikum 'yan uwa. Agaji nake nema kafin ranar Litinin, don ranar zan zauna da malamin da ke duba aikina.

Aikin digirina na biyu a kan wayoyi ne da ke miƙa wa juna saƙo kai tsaye, ba tare da eriyar kamfani ba. Saƙo ya tashi daga wayata, ya bi ta taka, ya bi ta waccan, har ya isa inda za shi. Babu uwar garke, wato babbar kwamfutar tsakiya da kowa ke bi ta kanta, babu shugaba, kowace waya wakili ce mai yanke wa kanta shawara. Na kwaikwayi abin a kwamfuta da wakilai 50. Da duk suna da kirki, komai lafiya lau. Sai na mai da 10 marowata: su aika nasu, amma in aka ba su na wani su miƙa, sai su zubar don tattalin batir. Na sa doka cewa kowa ya riƙa lura da maƙwabcinsa, wanda ya zubar sau uku a daina karɓar nasa. Dokar ta yi aiki, har na fara murna.

Jiya da dare na ba marowatan damar sauya lambar shaida. Duk wanda ya ga an kusa rufe masa ƙofa sai ya fita ya dawo da sabon suna, fes, kamar yau aka haife shi. Ina zaune ina kallon layin saƙonnin da ke isa yana gangarowa ƙasa har aka kira assalatu. Ta yaya ake riƙe amana a wurin da babu mai hukunci, kuma suna kyauta ne?

Nura Kirifto
Wa alaikumus salam. Wannan ai an gama da shi tun 2008. Ki ɗora shi a kan bulokcen kawai, littafin lissafin nan da kowa ke riƙe da kwafinsa, wanda kuɗin intanet na Bitcoin ke tafiya a kai. Bitcoin ba ya buƙatar ka yarda da kowa.

Injiniya Bashir
Nura, kai ko ciwon kai aka ce maka bulokcen za ka rubuta wa mutum. Ka sake karanta abin da ta ce. Wayoyin suna rowa ne saboda batir. Bitcoin kuwa yana hana sunan banza tasiri ne ta hanyar tilasta wa kowa ƙona wutar lantarki wajen lissafi. Wato maganin da ka kawo shi ne ya cinye abin da ake faɗa a kansa. Kuma wayoyinta ba kullum suke haɗe ba, rukuni ɗaya na iya yin awa biyu bai ji ɗuriyar ɗaya ba, kowa ya ci gaba da nasa littafin.

Nura Kirifto
Akwai wanda ake ajiye jari maimakon wuta ai.

Injiniya Bashir
Wane jari ke cikin wayar mutumin da ambaliya ta raba da gidansa? Don irin wannan ranar ake gina abin da take yi.

Dakta Habu
Rukayya, ki kwantar da hankalinki, ba ki yi kuskure ba. Kin yi karo ne da bangon da manya suka yi karo da shi, kuma kin isa gare shi da ƙafarki, wanda ya fi a karanta miki.

Bari in ɗan koma baya. A 1980 Robert Axelrod na Jami'ar Mishigan ya shirya gasa tsakanin manhajoji. Biyu-biyu ake haɗa su, a kowane zagaye kowace ta zaɓi haɗin kai ko cuta, in kun haɗa kai ku duka ku samu, in ka cuci mai haɗa kai ka fi shi samu, in kun cuci juna ku tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masana 14 suka aiko da nasu, wasu da dabaru masu tsawo. Wadda ta lashe ita ce mafi gajarta, ta Anatol Rapoport: ka fara da alheri, daga nan duk abin da abokin wasanka ya yi maka a zagayen baya shi za ka mayar masa. Ba ni gishiri in ba ka manda. Aka sake gasar da manhajoji 62, kowa ya san wadda ta ci ta farko, kowa ya shirya mata, ta sake lashewa.

Amma ki lura da sharaɗin da ke ƙarƙashin nasarar. Dole mu sake haɗuwa gobe, kuma dole in gane ka in mun haɗu. Dokarki ta sau uku jikar wannan dabara ce. Da kika ba su damar sauya suna, sharaɗi na biyun kika zare, shi ya sa ginin ya zube.

Rukayya S.
Na gode Malam. To amma ai akwai tsarukan da suke aiki a zahiri, mutane miliyoyi, kuma kowa na iya shiga da sunan da ya ga dama. Su ya suka yi?

Dakta Habu
Wasu ba su yi ba. A 2000 Eytan Adar da Bernardo Huberman na cibiyar Xerox PARC suka auna Gnutella, inda mutane ke musayar fayil ba tare da uwar garke ba. Suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 ba sa ba da komai, kuma kusan rabin amsoshin daga kashi 1 cikin 100 na masu bayarwa suke fitowa. Gayya ce da mutum ɗaya ke noma, sauran suna gindin bishiya suna jiran fura. Kazaa, wata manhajar musayar fayil ita ma, ta yi ƙoƙarin ba kowa maki gwargwadon abin da ya bayar, amma a kwamfutar mutum ake ajiye makin nasa, sai aka fito da wata manhajar da ke rubuta 1000 tun ranar farko.

Bram Cohen, wanda ya fito da manhajar musayar fayil ta BitTorrent a 2001, shi ya bi wata hanya. Bai damu da tarihinka ba. Kowane daƙiƙa 10 kwamfutarka za ta duba su wa suka fi turo mata a yanzu, ta buɗe wa kimanin huɗu, ta toshe sauran. Sannan kowane daƙiƙa 30 ta zaɓi wani haka kawai ta buɗe masa ko bai ba da komai ba, don baƙo ya samu abin fara ciniki, kuma don ko za a dace da wanda ya fi na hannu. Sauya suna ba ya ƙara maka komai sosai a nan, tunda ba sunan ake saya ba, hannu da hannu ne.

Injiniya Bashir
Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan ja. Wannan ƙofar baƙon ita ce ɓarauniyar hanya. A 2006 wasu masu bincike a jami'ar ETH Zurik suka rubuta wata manhaja, BitThief, don su nuna haka. Ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya, sai dai ta gaisa da kwamfutoci masu yawan gaske, ta riƙa tsintar kyautar baƙo daga nan da can, ta haɗa da na waɗanda suka gama saukewa suka bar nasu a buɗe, har ta cika tulunta. Abin da ya rufa wa BitTorrent asiri, a ganina, shi ne yawancin mutane ba sa taɓa saitin manhajarsu.

Kuma hannu da hannu ba zai yi wa Rukayya ba. Ni na miƙa saƙonki yau, ni kuma nawa ba lallai ya bi ta wurinki ba har abada.

Dakta Habu
Na karɓa. Duka biyun.

Larai Mai Kod
Ni dai ban karanta waɗannan ba, amma na girma a ɗakin uwar adashe. Mahaifiyata ta shekara fiye da ashirin tana riƙe da na matan unguwarmu, kuma matsalarki ita ce tata ta kowace shekara: mace ta shigo, ta kwashi ɗauka, ta tashi daga unguwa. Dokarta ɗaya ce, ba ta da rubutu. Sabuwa ita ce ta ƙarshe a ɗauka. Ki zuba, ki zuba, ki zuba, kowa ya ɗauka a kan idonki, sannan a zo kanki. In kin gama zagaye ɗaya lafiya, na gaba a matso da ke tsakiya.

Na tuna wata da ta zo da kuka wai bikin 'yarta saura wata biyu, a sa ta a farko. Inna tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Allah ya sa alheri, amma ban san ki ba." Na ji haushinta ranar. Yanzu da nake rubuta manhaja na gane.

Ki gwada haka mana. Sabon suna ya fara daga ƙasa, ƙasa da wanda aka taɓa kamawa sau ɗaya ma. In sauya suna ya mai da mutum bayan layi, wa zai sauya?

Dakta Habu
Larai, ki gaishe da Inna, ki ce mata Eric Friedman da Paul Resnick sun rubuta dokarta da lissafi a 2001. Abin da suka nuna ke nan: inda suna ba shi da tsada, babu makawa sai baƙo ya biya kuɗin shiga ta wata fuska, kuma wannan asara ce da jama'ar duka ke ɗauka.

Musa Damagaram
Ku yi haƙuri in shigo da ƙafar hagu. Kowa na tafa wa dokar Inna, ni ban gamsu ba. A adashe, wadda aka sa a ƙarshe jira kawai za ta yi. A tsarin Rukayya fa? Wanda aka sace wa waya ya sayi sabuwa baƙo ne. Wanda ya zo daga wani ƙauye neman ɗansa baƙo ne. Ranar da aka fi buƙatar abin, ranar ce baƙi suka fi yawa. Kun hukunta mutum ɗari na kirki don ku kama goma. Kuma marowacin da ke da haƙuri zai yi ladabi na sati guda, ya tara suna, sannan ya ci amana a lokacin da ta fi tsada.

Larai Mai Kod
Wannan na ƙarshen ma ya faru da Inna. Wadda ta fi cutar ta ta yi zagaye huɗu lafiya.

Rukayya S.
To kun gani. Na rufe ƙofa na kori na kirki, na buɗe ɓarayi su shigo. 😭

Alhaji Ɗanjuma
Ni ɗan kallo ne a nan, sayar da kwamfuta nake yi ba rubuta ta ba, amma kakana fataucin shanu ya yi zuwa Ibadan. A Sabo, bafatake ba ya sayar wa mahauci bashi don ya san shi. Bai san shi ba. Maigidan da ya sauke shi ne ya san mahaucin, shi ke tsayawa, in kuɗi suka maƙale shi za a riƙe. Baƙo bai fara daga ƙasa ba, ya fara ne da darajar wanda ya tsaya masa. Ba za a iya koya wa waya ta tsaya wa waya ba?

Rukayya S.
Baba Alhaji, wannan ta shige ni. Wato sabon wakili ya nemi tsoho ya sa masa hannu, in ya yi cuta a rage makin su biyun.

Injiniya Bashir
Sai marowaci ɗaya ya ƙirƙiri sunaye 30, su riƙa tsaya wa juna, suna yabon juna. Wannan shi ake kira harin Sybil, John Douceur na sashen binciken Microsoft ya yi masa rubutu a 2002. Abin da ya ce ba daɗi: in babu wata hukuma da ke tantance cewa suna ɗaya na mutum ɗaya ne, ba za ka iya hana wannan ba sai da zato irin wanda ba ya faruwa a duniya. Ba tatsuniya ba ce kuma. A 2014 masu kula da Tor, tsarin ɓoye sawun masu shiga intanet, sun cire rukunin kwamfutoci sama da 100 da suka shiga tare a ƙarshen Janairu, ba a fitar da su ba sai farkon Yuli.

Ko gasar Malam ba ta tsira ba. Da aka maimaita ta a 2004, 'yan Jami'ar Sawsamton suka shigar da manhajoji 60 da ke gane juna ta wasu 'yan motsi na farko, kamar gaisuwar sirri. In sun gane juna sai ɗaya ta kwanta ɗayar ta yi ta cin ta, in baƙuwa ce su cuce ta. Suka kwashe matsayi ukun farko, bayinsu kuma suka cika ƙasan jadawali.

Dakta Habu
Akwai amsa rabi. EigenTrust, wata hanyar lissafa amana daga Jami'ar Istanfod a 2003. Yabon da aka yi maka nauyinsa daidai yake da darajar mai yabon. Sunaye 30 da ba wanda ya san su, in sun yabi juna, sifiri ne ake ninkawa da sifiri. Amma don lissafin ya tsaya, sai da suka ware wasu 'yan wakilai da aka yarda da su tun farko, daga wurinsu amana ke gangarowa.

Injiniya Bashir
Yauwa! Nan nake jira. Waɗannan 'yan wakilan su wane ne in ba sarakuna ba? Shekarata goma sha a wannan aiki, duk tsarin da aka ce mini ba shi da shugaba, in na ɗaga tabarma sai na ga shugaban a kwance. Tor tana da 'yan tsirarun kwamfutoci da ke fitar da jerin waɗanda aka amince da su. Bitcoin ƙarfin haƙarsa, wato lissafin nan mai ƙona wuta, a hannun manyan rukunoni kaɗan yake, a 2014 ma ɗaya daga cikinsu, GHash.io, ta taɓa rabi, sai roƙonta aka yi ta rage.

Wanda kuwa da gaske ba shi da mai gida, ku dubi yadda yake. Intanet kanta dubban kamfanoni ne ke gaya wa juna "hanyar wuri kaza ta wurina take", kuma a asali kowa yarda yake yi. A Fabrairun 2008 Pakistan Telecom ta so toshe YouTube a cikin gida, sanarwar ta tsallake waje, duniya ta yarda, YouTube ya ɓace kusan awa biyu. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin intanet na MainOne da ke Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Chaina fiye da awa guda. Maganin da ake ta turawa yanzu, RPKI, takardar shaida ce daga hukumomin rabon adireshi biyar na duniya. An koma gidan sarki.

Rukayya, shawarata ki sa rajista. Lambar waya ɗaya, suna ɗaya. Ki huta.

Musa Damagaram
Injiniya, rajistar a wurin wa, ranar da eriya ta faɗi?

Injiniya Bashir
Kafin ta faɗi mana.

Musa Damagaram
Mun koma kan baƙon da bai yi ba ke nan.

Dakta Habu
Bashir, gaskiyarka rabi ce, kuma rabin da ka bari ya fi ba ni sha'awa. Ka haɗa abu biyu wuri guda: a ce akwai masu tsaro, da a ce daga waje aka naɗo su. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi rayuwarta tana nazarin mutanen da ke raba ruwa, kiwo da daji ba tare da gwamnati ko kamfani ba, kuma abin ya ɗore ɗaruruwan shekaru. Makiyayan Törbel a Suwizalan, manoman rani na Balensiya a Sifen, waɗanda kotun ruwansu har yau take zama kowace Alhamis a ƙofar babbar coci, alƙalan kuma manoma ne da 'yan uwansu suka zaɓa. Ba ta tarar da rashin shugabanci ba. Ta tarar an san wa ke ciki wa ke waje, masu bin doka suna da baki wajen gyara ta, masu tsaro daga cikinsu suke kuma ana iya sauke su, hukunci yana hawa daki-daki, kuma akwai wurin kai ƙara mai arha. Jeremy Pitt da abokan aikinsa a Imperial College ta Landan sun ɗauki waɗannan ƙa'idoji sun mai da su dokokin da wakilan kwamfuta ke bi, har su kaɗa ƙuri'a su sauya dokar rabo da kansu. Rukayya, nan ne zan so ki karanta kafin Litinin.

Kuma ki dubi dokarki da idon hukunci daki-daki. Sau uku, sai kora ta har abada. Wanda aka kora har abada me ya rage masa in ba sauya suna ba? Ke kika tura shi.

Rukayya S.
Innalillahi. Ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Injiniya Bashir
Tunda an zo nan, tambaya: ta yaya wakilinki ke sanin maƙwabci ya zubar?

Rukayya S.
Yana kasa kunne. In ya miƙa saƙo bai ji maƙwabcin ya watsa shi gaba ba, sai ya rubuta masa laifi.

Injiniya Bashir
Na zata. Tsohuwar dabara ce, tun 2000 Sergio Marti da abokansa suka kawo ta, kuma su da kansu sun faɗi rauninta: rashin ji ba shi ne rashin faɗa ba. Bari in ba ki labari. Na taɓa haɗa wa wata makaranta rediyo tsakanin gini biyu. Da rani lafiya, da damina ta sauka sai saƙo ya riƙa ɓacewa. Na rantse na'urar can gefen ce ta lalace, na sa aka saya sabuwa, na hau na ɗaura, ba abin da ya sauya. Ina saman ƙarfen ina share gumi sai na hangi mangwaron da ke tsakani. Da na yi aikin a watan Maris sanda ne, yanzu ya cika da ganye, ga ruwa a jikinsa. Na'urar da na yanke wa hukunci tana cikin kwali a ofis, lafiyarta ƙalau.

A kwaikwayonki akwai mangwaro? In babu, ki sa. Ki sa kashi kaɗan na saƙonni su ɓace haka kawai, ki ga mutanen kirki nawa dokarki za ta kora.

Dakta Habu
Wannan ita ce cutar dabarar Rapoport ma. Kuskure ɗaya, sai na kirki biyu su yi ta ramuwa a kan juna ba iyaka. Martin Nowak da Karl Sigmund sun nuna a 1992 cewa inda ake kuskure, dabarar da ke yafe wani kaso na laifi ta fi ta Rapoport ƙarko.

Nura Kirifto
Duk wannan dogon zance, ƙarshe dai jari kuka koma. Mai tsaya wa wani ya ajiye makinsa, in an ci amana a yanka. Abin da na faɗa tun farko ke nan, kuka yi mini ca.

Larai Mai Kod
Ka faɗi rabinsa, Nura. A ba shi rabin lada. 😂

Rukayya S.
Na dawo. Ban yi barci ba amma ga abin da ya faru.

Na sa mangwaron Injiniya. Da tsohuwar dokar, kafin a je ko'ina wakilan kirki sun fara korar juna, marowatan ma ba su sha wahala ba. Na cire korar har abada, na mai da ita dakatarwa da ke tsawo in an maimaita, tsohon laifi kuma yana dushewa a hankali. Na sa sabon suna ya fara daga ƙasa amma a bar masa ɗan ƙaramin rabo, don baƙon Malam Musa. Wanda ya samu mai tsaya masa ya fara daga tsakiya. Sauya suna ya daina biyan marowata, yawancinsu zaman dakatarwa ya fi musu.

Sabuwar matsala: ba wanda ke tsaya wa kowa. Na bar wakilan su lissafa ribarsu, sun ga tsayawa hatsari ce zalla babu riba, duk sun naɗe hannu. Baƙi na nan jibge a ƙasa.

Larai Mai Kod
Ai Inna ba don Allah kaɗai take riƙe adashe ba, ƙanwata. Akwai ɗan abin da ake bar mata a kowace ɗauka.

Alhaji Ɗanjuma
Maigida ma yana da la'adarsa.

Injiniya Bashir
Ki ba su la'ada, ni kuma in ƙirƙiri baƙi 30 na ƙarya masu ladabi in tsaya musu in kwashe. Turo mini kod ɗin, ni zan zama ɓarawon.

Rukayya S.
Na tura maka. Ka bari sai bayan la'asar, wutarmu ta ɗauke kuma batirin kwamfutar saura kashi 9.